Sanyi Ƙasa da Sifiri: Adana Ƙwayoyin Halitta da Sassan Jiki Domin Dashe, da Rabon Kudancin Kaduna a Cikinsa

Maƙalar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na ma'aikatan lafiya, Fadan Kaje, Jihar Kaduna

Tsakure

Maƙalar tana nazarin yadda ake adana ƙwayoyin halitta da sassan jikin ɗan Adam cikin sanyin da ya wuce sifiri domin dashe. Ta bayyana dalilin da ƙanƙara ke kashe ƙwaya, ta bi sawun nasarorin da aka samu tun daga 1949, sannan ta auna su da halin da asibitocin Kafanchan da kewaye suke ciki. Matsayarta ita ce: daskarar da ƙoda ko hanta har yanzu aikin ɗakin bincike ne, amma daskarar da ruwan jini da ƙwayoyin tushen jini ilimi ne da ya daɗe da nuna, kuma ta nan ya kamata yankinmu ya soma.

1.0 Gabatarwa



Tun ranar da Joseph Murray ya dasa wa wani mutum ƙodar ɗan'uwansa da aka haife su tagwaye a Boston cikin Disamba 1954, hannun likitan tiyata bai daina ƙwarewa ba. Abin da ya ƙi lanƙwasuwa shi ne lokaci. Da zarar an raba zuciya da jikin mai ita, aka sa ta cikin ruwan adanawa a kan ƙanƙara, sa'o'i 4 zuwa 6 kawai take da su. Hanta takan kai kamar sa'o'i 12, ƙoda kuwa 24 zuwa 36. Bayan nan sai a zubar.

Mu da muke Fadan Kaje mun san ma'anar waɗannan sa'o'i. Kafin motar ɗaukar marasa lafiya ta bar Zonkwa ta bi ta Kachia ta shiga Kaduna, rabin wa'adin zuciya ya tafi a hanya, Kano kuwa tafiyar yini ce. Ke nan ƙarancin lokaci shi ne ke ware wanda zai amfana da dashe da wanda ba zai amfana ba, kuma kullum mutanen karkara yake warewa gefe. Duk ilimin da zai tsawaita wa'adin nan namu ne, ko da a Minesota ta Amurka aka gano shi.

2.0 Abin da Sanyi Yake Yi wa Ƙwaya

Sanyi yana rage saurin aikin ƙwayoyin halitta. A ƙiyasin da masana suka saba amfani da shi, duk saukar digiri 10 tana rage aikin da kusan rabi. A digiri 4, wato sanyin akwatin ƙanƙara, ƙwaya tana nan tana cin abincinta a hankali tana tara datti, shi ya sa ruwan adanawa irin na Collins na 1969, da wanda Belzer da Southard suka haɗa a Jami'ar Wiskonsin a ƙarshen shekarun 1980, sun ƙara sa'o'i ne kawai. Amma in aka sauka ƙasa da digiri 130 a ƙarƙashin sifiri, kusan komai yakan tsaya cak. Ruwan naitirojin yana kan digiri 196 ƙasa da sifiri, kuma ƙwayar da ta isa can lafiya tana iya kwana shekaru masu yawa ba ta tsufa ba.

Matsalar tana kan hanyar zuwa da ta dawowa. Duk matar da ta taɓa sa tumatir a firiza ta ga abin da idonta. Yakan fito da ƙarfi kamar dutse, jajir, ba tabo. Da ya narke sai ya lanƙwashe, fatar ta saɓule, ruwa ya cika kwano. Tsinin ƙanƙara ne ya huda bangon ƙwayoyinsa daga ciki. Miya ba ta damu da haka ba, amma ƙodar da aka yi wa wannan ɓarna ba za ta sake tace fitsari ba.

Peter Mazur da abokan aikinsa sun nuna a 1972 cewa haɗarin fuska biyu gare shi. In an sanyaya da sauri, ruwan cikin ƙwaya ba ya samun damar fita, sai ya daskare a ciki ya yayyaga ta. In an sanyaya a hankali fiye da kima, ƙanƙara takan taru a waje ta tsotse ruwan, ƙwayar ta motse, gishirin da ya rage ya yi kaurin da zai ƙone ta. Kowace irin ƙwaya tana da nata saurin da ya dace. Ga ƙwayoyin tushen jini, ana sauke kusan digiri 1 a kowane minti.

3.0 Nasarar da Aka Samu a Kan Ƙwayoyi

A 1949, Christopher Polge da Audrey Smith da Alan Parkes suka gano a Landan cewa sinadarin gilisarol yana kare maniyyin zakara daga ɓarnar ƙanƙara. Shekara ɗaya bayan haka Smith ta daskarar da jajayen ƙwayoyin jini da shi. A farkon shekarun 1950 aka fara samun maruƙa daga daskararren maniyyin sa. A 1959 James Lovelock da Marcus Bishop suka kawo sinadarin DMSO, wanda har gobe shi ake zuba wa ƙwayoyin tushen jini, kimanin kashi 10 cikin 100, kafin a sauke su cikin naitirojin. A 1984 aka haifi jaririya a Melbon ta Ostireliya daga ɗan tayin da aka daskarar.

Misalai biyu sun fi kusa da damuwarmu. Na farko, a 1988 Eliane Gluckman ta dasa wa wani yaro mai wata cutar jini ta gado jinin cibiyar ƙanwarsa a birnin Faris. A Amurka aka ɗebi jinin ranar haihuwa, aka daskarar da shi, aka tsallaka teku da shi, yaron ya warke. Na biyu, a Baljiyam, wata yarinya haifaffiyar Kwango mai ciwon sikila ta buƙaci dashen ɓargo. Maganin da ake bayarwa kafin dashen yana kashe ƙwayayen haihuwa, don haka likitoci suka yanki wani sashe na ma'ajiyar ƙwanta tana shekara 13 suka daskarar. Bayan fiye da shekara 10 aka mayar mata da shi, ta haifi ɗa namiji a ƙarshen 2014. Sanyi ya ba ta damar rabuwa da sikila ba tare da ta rasa haihuwa ba.

4.0 Inda Sassan Jiki Suka Tsaya

Me ya sa abin da ya yiwu ga ƙwaya ya gagari ƙoda? Ƙwayoyin da ke yawo cikin leda duk iri ɗaya ne, kuma in kaɗan suka mutu sauran za su yi aiki. Ƙoda kuwa ƙwayoyi ne iri-iri, kowane da saurin sanyayawarsa, ga ƙananan jijiyoyin jini da ƙanƙara kaɗan ta isa ta fasa. Sannan tana da kauri: bayanta yakan yi sanyi cikinta na da ɗumi. Masu bincike sun bi hanyoyi biyu.

4.1 Ƙetare sifiri ba tare da daskarewa ba

Ruwa yana iya sauka ƙasa da sifiri bai daskare ba, muddin bai samu abin da ƙanƙara za ta fara kamawa ba. Da wannan dabara, ayarin Korkut Uygun a Babban Asibitin Masacusets da ke Boston ya ajiye hantar ɓera a digiri 6 ƙasa da sifiri. Rahotonsu na 2014 a mujallar Nature Medicine ya nuna cewa duk ɓerayen da aka dasa wa hantar kwana 3 sun rayu, a kwana 4 kuwa fiye da rabi. A 2019 suka gwada hantar mutum a digiri 4 ƙasa da sifiri, ta kai sa'o'i 27 a wajen jiki tana da alamun lafiya, ko da yake ba a dasa wa kowa ita ba. Wannan hanya kwanaki take ƙarawa, kuma kwanaki sun isa a kawo hanta daga Legas zuwa Kafanchan ta mota.

4.2 Sandarewa irin ta gilashi

Hanya ta biyu ita ce a cika sashen da sinadaran kariya masu kauri, a sanyaya shi da sauri, ruwan ya sandare kamar gilashi ba tare da tsinin ƙanƙara ya fito ba. Gregory Fahy ya gabatar da ita a 1984, kuma a 2009 ya ba da rahoton zomon da ya rayu kwana 48 da ƙoda guda da aka adana ta haka. Cikas biyu suka tare hanyar. Sinadaran guba ne in sun yi yawa. Sannan wajen narkarwa, in an yi jinkiri ƙanƙara takan fito, in kuma gefe ɗaya ya riga ɗaya ɗumama sai sashen ya tsage.

A Jami'ar Minesota, John Bischof da Erik Finger da ayarinsu suka nemo mafita. Sukan ɗura ƙurar ƙarfe mai tsananin laushi cikin jijiyoyin ƙodar tare da sinadaran. Ranar narkarwa sai a sa ta cikin na'urar maganaɗisu, ƙurar ta ɗauki zafi, ƙodar ta ɗumama daga ko'ina lokaci guda, daga baya a wanke ƙurar. A 2023 suka wallafa a Nature Communications cewa sun adana ƙodojin ɓera har kwana 100, suka dasa wa ɓeraye 5, ƙodojin suka farfaɗo suka riƙe rayuwarsu. Babbar nasara ce. Sai dai ƙodar ɓera ba ta kai girman ta mutum ko kusa ba, kuma daskararriyar ƙoda ko hanta ko zuciya ba ta shiga aikin asibiti ba tukuna a ko'ina a duniya. Wajibi ne mu faɗa wa majinyatanmu wannan a fili, don kada 'yan damfara su riga mu.

5.0 Halin da Muke Ciki

An yi dashen ƙoda na farko a Najeriya a Asibitin St. Nicholas da ke Legas a 2000. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya biyo baya a 2002, na Jami'ar Maiduguri a 2010, na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato a 2025. Dashen ƙoda a ƙasar nan ya dogara ne ga mai bayarwa da ke raye: ɗan'uwa a wannan ɗakin tiyata, majinyaci a na kusa, ƙodar ba ta daɗewa a waje. Tsarin karɓar sassa daga mamata bai kafu ba. Saboda haka ko gobe aka ƙware a daskarar da ƙoda, ba mu da abin da za mu zuba a ma'ajiyar.

Buƙatar da ke ƙofarmu ta jini ce. Duk wanda ya yi aikin dare a ɗakin haihuwa ya san yadda abin yake. Mai jego tana zubar da jini, an ce a kawo leda biyu. Miji yana tsaye a baranda da waya a kunne yana kiran ƙannensa, ɗaya yana gona, ɗaya jininsa bai dace ba, wani ya hau babur daga ƙauye cikin duhu. Jinin da aka ɗiba yakan yi kwana 35 zuwa 42 a firiji mai digiri 2 zuwa 6, in ba a ɗauke wuta ba. Ruwan jini da aka tace aka daskarar a digiri 18 ƙasa da sifiri ko fiye yana kai shekara guda, kuma shi ke ɗauke da sinadaran da ke sa jini ya tsaya. Jajayen ƙwayoyi da aka haɗa da gilisarol aka ajiye a digiri 80 ƙasa da sifiri suna kai shekara 10, abin da ke da amfani ƙwarai ga masu rukunin jinin da ke wuyar samu.

Sai sikila. Ana ƙiyasta cewa a kowace shekara ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita a Najeriya, adadin da ba ƙasar da ta kai. Dashen ɓargo yana warkar da ita. An yi na farko a ƙasar nan a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011 ƙarƙashin Dokta Nosakhare Bazuaye, kuma a 2024 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ya soma nasa tare da Gidauniyar Sikila ta Najeriya. Sabon maganin gyaran ƙwayoyin gado mai suna Casgevy, wanda Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, shi ma a daskare ake kai ƙwayoyinsa asibiti, sai dai farashinsa a Amurka ya kai dala miliyan 2.2.

Ga lissafin da ya shafi gidajenmu. In uwa da uba duka AS ne, kowane ciki yana da damar kashi 3 cikin 4 na tsira daga SS. Damar ƙwayoyin jaririn su dace da na yayansa mai ciwo kuwa kashi 1 cikin 4 ce. In an haɗa, kusan haihuwa 3 cikin 16 a irin wannan gida tana zuwa da jinin cibiyar da zai iya zama magani. A yau ana binne wannan jini tare da mabiyiya, don ba inda za a ajiye shi.

6.0 Tulun Naitirojin da Matsalar Wuta

Za a ce: wanda bai riƙe firiji a digiri 4 ba, ina shi ina digiri 196 ƙasa da sifiri? Tambayar tana kan hanya, amma amsarta ta saɓa wa zato. Firiza mai digiri 80 ƙasa da sifiri ba ta haƙuri. In an ɗauke wuta, janareta bai tashi ba, cikin sa'o'i kayan sun fara lalacewa. Tulun naitirojin kuwa ba ya shan wuta sam. Tulu ne na ƙarfe mai bango biyu da aka zuƙe iskar tsakaninsu, kuma in an cika shi yakan riƙe sanyinsa makonni. Mai kula da shi yakan buɗe murfin, farin tururi ya malalo, ya tsoma sanda baƙa ya ciro, inda ta yi fari ya nuna masa yawan ruwan da ya rage. Abin da tulun ke nema shi ne mai cikawa a kan kari da mai rubuta awo kullum.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a Jihar Kaduna. Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta daɗe tana aikin ɗura wa shanu maniyyi, aikin da a duk duniya ya dogara ga irin wannan tulu. Likitocin dabbobi sun riga mu sanin hannunsa. A lokacin annobar Ebola ma an kai allurar rigakafi mai buƙatar digiri 60 zuwa 80 ƙasa da sifiri ƙauyukan Saliyo da Kwango cikin akwatunan da ba sa buƙatar lantarki a hanya. Abin da ya yiwu a can ba zai gagari Kagoro ko Zangon Kataf ba.

7.0 Doka, Addini da Amana

Abin da ya ajiyu yana iya sayuwa, kuma a nan ne haɗarin yake. In sassan jiki suka zama abin da ake tarawa ana jigila, talakan karkara shi za a fara yi wa tayin kuɗi. Shari'ar Sanata Ike Ekweremadu, wanda kotun Landan ta ɗaure a 2023 kan kai wani matashi Birtaniya don a cire ƙodarsa, ta nuna cewa wannan tsoro ba na banza ba ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta cinikin sassan jiki, kuma a 2025 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da ƙa'idojin dashe. Saura aiwatarwa.

Addinan yankinmu biyu ba su rufe ƙofa ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta dashe bisa sharuɗɗa, har daga mamaci in da izininsa ko na magadansa, ta kuma haramta sayarwa. Fafaroma John Paul na Biyu ya yaba wa kyautar sassan jiki a jawabinsa ga taron likitocin dashe a Rum a 2000, shi ma ya yi tir da ciniki. Al'adar binne mabiyiya kuma ba ta cin karo da ɗibar jinin cibiya: da allura ake zuƙe jinin bayan an yanke cibiya, a miƙa wa iyali mabiyiyarsu su binne yadda suka gada. Amma a nemi izinin uwa tun a awon ciki, a yi mata bayani da Jju ko Tyap ko Hausa, harshen da ta fi ganewa.

8.0 Shawarwari

A 2025 aka amince da kafa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Kafanchan da Jami'ar Tarayya ta Kimiyya a Kachia. Tun ana aza harsashi ya kamata a sa waɗannan cikin tsari:

1. Ma'ajiyar jini a Kafanchan mai na'urar raba jini da firizar ruwan jini a kan wutar sola da batir, tare da rajistar masu ba da jini kyauta daga majami'u, masallatai da makarantu.

2. Gwajin sikila ga kowane jariri, da rajistar iyalan da ke da mai ciwon, don a san gidajen da adana jinin cibiya zai amfana.

3. Yarjejeniya da cibiyoyin dashen ɓargo, yadda za a ɗebi jinin cibiyar ƙane a nan, a kai shi wurin sarrafawa cikin sa'o'i 48.

4. Samar da ruwan naitirojin na haɗin gwiwa tsakanin asibitoci da ɓangaren kiwon dabbobi, domin kasuwa ɗaya ta fi sauƙin ciyar da injin samar da shi.

5. Sa ilimin adanawa cikin sanyi a manhajar Kwalejin Jinya da Ungozoma ta Kafanchan, da horar da masu gyaran na'urori 'yan gida.

6. Kwamitin sa ido mai ɗauke da sarakuna, malaman addinai biyu, mata da lauya, wanda ba za a ɗebi komai daga jikin kowa ba sai da saninsa.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa sanyi ƙasa da sifiri ya riga ya ci nasara a kan ƙwayoyi, yana kuma kan hanya a kan sassan jiki. Ranar da ƙodar mutum za ta yi wata guda a ajiye, asibitin da ke da wuta tsayayya, ma'aikata horarru, rajista mai tsafta da amincewar jama'a shi zai karɓa, wanda ba shi da su kuwa zai ci gaba da tura majinyatansa Kano da Legas da Indiya. Waɗannan abubuwa huɗu ba sa jiran binciken kowa, kuma su ne dai za su ceci mai jego da yaro mai sikila tun bana. Da sauran rina a kaba, amma matakin farko kuɗinsa bai fi ƙarfin gwamnatin jiha da ƙananan hukumominmu ba. Ina roƙon wannan taro ya miƙa shawara ta ɗaya da ta biyu ga hukumomin lafiya a rubuce, ya kuma sa ranar da za a dawo a ji inda aka kwana.